Kalma Daban, Abu Daban: Tambayoyi da Amsoshi Kan Auna Magana da Tunani

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin malaman makaranta, ɗalibai, 'yan kasuwa da masu sasanta ma'aurata a Gombe idan aka taɓo zancen Janaral Simantiks. An sa musu lamba ne domin wata amsar tana komawa ga wata.

1. Mene ne Janaral Simantiks, kuma daga ina ya fito?

Horo ne na lura da ratar da ke tsakanin abu da kalmar da aka kira shi da ita. Wanda ya tsara shi, Alfred Kozibski, injiniya ne ɗan ƙasar Folan. An haife shi a Warso a 1879, ya rasu a Amurka a 1950. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko cikin sojan Rasha, kuma tambayar da ta addabe shi bayan yaƙin ita ce: me ya sa gadar da injiniya ya gina take tsayawa, amma tsarin zama da siyasa da mutane suka gina yakan rushe musu a ka? Amsarsa ita ce lissafin injiniya yana bin ƙirar ƙarfe da siminti sau da ƙafa, ita kuwa maganar yau da kullum sau da yawa ba ta bin ƙirar abin da take magana a kai.

Ya fitar da babban littafinsa, Science and Sanity, a 1933, ya kuma kafa cibiyar koyar da wannan ilimi a Shikago a 1938. A amsoshin nan za a riƙa ce masa "auna magana", don ya fi sauƙi a baki.

2. Shi ne ilimin ma'ana da ake koyarwa a sashen Hausa na jami'a?

A'a. Ilimin ma'ana yana duba abin da kalma take nufi a cikin harshe. Auna magana yana duba abin da kalma take yi wa wanda ya ji ta: bugun zuciya, hukuncin da ya yanke, matakin da ya ɗauka. Masanin ma'ana zai gaya maka ma'anonin "kishiya". Mai auna magana zai tambayi me ya sa hantar wata ta kaɗa da jin kalmar, alhali ko fuskar matar ba ta taɓa gani ba.

3. Me ake nufi da cewa taswira ba ita ce ƙasa ba?

Ka ɗauki taswirar Nijeriya da aka buga a 1990. Ba za ka ga Jihar Gombe ba, domin sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Bauchi. Taswirar ba ƙarya ta yi ba, ƙasar ce ta ci gaba ta bar ta. Ita kanta kalmar "Gombe" haka take: mai tarihi yana iya nufin Gombe Abba ta Modibbo Bubayero, direba yana nufin tashar mota a cikin gari, ma'aikacin gwamnati yana nufin jiha mai ƙananan hukumomi 11. Sauti ɗaya, wurare daban-daban.

Kozibski ya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, taswira ba ita ce ƙasar ba, kalmar "ruwa" ba ta kashe ƙishi. Ta biyu, babu taswirar da ta ɗebe ƙasa duka, dole an bar wani abu. Ta uku, ana yin taswirar taswira: mutum ya yi magana, a yi magana a kan maganarsa, a yi gardama a kan waccan, har a manta da abin da aka faro a kai. Yawancin rikicin dandalin WhatsApp na dangi a wannan hawa na uku yake.

Ɗan kasuwar Tudun Hatsi ya san wannan tun kafin ya ji sunan wani Bature. Idan aka faɗa masa farashin mudu a wata kasuwa, kafin ya ce ya yi araha sai ya tambayi wane mudu, kuma a cike da tozo ko a shafe.

4. Mene ne tsanin kalmomi?

S. I. Hayakawa, wanda ya sauƙaƙa wannan ilimi ga jama'a tun 1941, shi ya yaɗa misalin tsani. Mu gwada da saniya. A matakala ta ƙasa akwai dabbar kanta, wadda makiyayi a Dukku ya san kamanninta, tafiyarta, ɗingishinta da yawan nononta. Sama da ita sunan da yake kiranta da shi. Sai "Bunaji", wato an bar halinta an riƙe irinta. Sai "shanu", an haɗa ta da Rahaji da Bokoloji. Sai "dabbobi", awaki da tumaki sun shigo. Sai "dukiya", gona da gida sun shigo. Can ƙoli "tattalin arziki", inda ko ƙaho babu. Kowace matakala ka hau, ka zubar da wasu bayanai.

Hawa ba laifi ba ne, in babu shi ba a yin kasafi ko doka. Matsalar ita ce maƙalewa a wuri guda. Wanda ya maƙale a sama zai yi awa guda yana "ci gaba", "tarbiyya", "adalci" ba tare da misali ko ɗaya ba. Wanda ya maƙale a ƙasa zai lissafa maka "sai na ce, sai ta ce" har a kira Magariba bai faɗi abin da yake so a yi ba. Maganin na farko tambaya ce: "Kamar me?" Maganin na biyu: "To, duka wannan me ya nuna?" Idan uba ya ce yaro "ba shi da tarbiyya", a yi "kamar me?" sau biyu ko uku, galibi za a sauko kan abu guda da ake iya gyarawa, misali ba ya durƙusawa gaida baƙi, ko yana riƙe da waya ana masa magana.

5. Yaya zan raba abin da na gani da abin da na zata?

Ka raba takarda gida uku: gani, zato, hukunci. A gidan gani ba ka rubuta komai sai abin da kyamara ko rikoda za ta iya ɗauka. Misali: "Na aika wa Yaya saƙo ƙarfe 9 na safe, alamar ta yi shuɗi, har ƙarfe 4 babu amsa." A gidan zato: "Ya karanta ya share ni." A gidan hukunci: "Tun da ya samu kuɗi ya raina mu." Daga nan ka tilasta wa kanka rubuta wasu dalilai uku da za su iya haifar da ganin nan ɗaya: yaro ne ya buɗe wayar, yana kan hanyar Bauchi yana tuƙi, ya karanta yana jiran albashi ya shigo kafin ya amsa. Ba a ce ka yarda da su ba. Ana so ne ka ga cewa zatonka ɗaya ne cikin huɗu.

Inda ake tuntuɓe shi ne kalmomin da suke kama da gani alhali zato ne: "ya harare ni", "ta yi banza da ni", "ya ƙi gaishe ni". Kalmar "ƙi" kaɗai ta riga ta shiga zuciyar mutum ta karanto niyyarsa. Abin da ido ya gani shi ne "ya wuce bai gaishe ni ba". Gwajin gani mai sauƙi ne: ana iya yinsa ne kawai bayan abu ya faru, kuma wanda yake wurin ne zai iya yi. Zato kuwa kowa na iya yi, a kowane lokaci, babu iyaka.

Hausa ta ba mu kayan aikin nan kyauta. "Wai" tana nuna ji ka yi, "da alama" tana nuna hasashe, "na gani da idona" tana nuna shaida, "ashe" tana nuna taswirarka ta canza. Ɓarnar tana faruwa ne a baki na biyu ko na uku, inda "wai" take faɗuwa a hanya: "wai an ce ya saki matarsa" ya koma "ya saki matarsa". Duk labarin da ka karɓa da "wai", ka miƙa shi da "wai" ɗinsa.

6. Ina yawan yi wa mutane kuɗin goro. Akwai dabarar dainawa?

Akwai, Kozibski ya aro ta daga lissafi: sa lamba. Ɗan acaɓa na 1 ba shi ne ɗan acaɓa na 2 ba. Suruka ta 1 ba ita ce suruka ta 2 ba. Kama da wane ba ta wane. Idan bakinka ya furta "duk", "kowa", "kullum", "ko kaɗan", "har abada", ka tsaya ka ƙirga. Nawa na yi hulɗa da su? Nawa ne suka yi abin? Wanda ya ce "duk makanikai macuta ne" idan ya ƙirga sai ya tarar da huɗu ya taɓa kai wa mota, biyu suka ɓata masa. Jimlar da ta dace ita ce "biyu cikin huɗun da na gwada".

A gari irin Gombe, inda Bafulatani, Batangale, Batere, Babole, Bawaja da Bahaushe suke cin kasuwa ɗaya, wannan ba wasan kalmomi ba ne. "Ai su haka suke" ita ce jimlar da take fara kowace fitina, kuma ba ta taɓa jure wa tambayar "su wa, sunayensu?" ba.

7. An ce hali zanen dutse. Yaya kuma za a ce mutum yana canzawa?

Dabara ta biyu ita ce sa kwanan wata. Audu na 2015 ba shi ne Audu na bana ba, kamar yadda kuɗin mota kafin cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 ba shi ne na bayansa ba. Ba wanda zai shiga tasha da farashin shekara biyar baya ya yi gardama, amma sai ka ga an riƙe mutum da halin da aka san shi da shi yana aji uku na sakandare.

Karin maganar tana da gaskiyarta: abin da mutum ya saba yi shi ne mafi kusa a sake gani daga gare shi, kuma wanda ya cinye maka bashi sau biyu ba a ce ka ba shi na uku ba. Kwanan wata ba ya wanke kowa. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka shekarun bayananka. Ka tambayi kanka: yaushe rabon da na sabunta abin da na sani game da mutumin nan? In ya haura shekara biyu, tsohuwar taswira ce a hannunka (duba tambaya ta 3), ka bincika kafin ka yi shaida a kansa, musamman a binciken aure.

8. Na ji ana cewa a daina amfani da "ne" da "ce". Yana yiwuwa a Hausa?

Asalin zancen daga Turanci yake. Wani almajirin Kozibski, Debid Bolan, ya fito a 1965 da salon rubutu mai suna E-Prime, wanda ake cire aikatau ɗin da ke cewa abu kaza shi ne kaza. Dalilinsa shi ne jimla kamar "Musa malalaci ne" tana haɗa mutum sukutum da kalma guda kamar abu ɗaya ne.

A Hausa ba za a kwafe dokar kai tsaye ba, domin "ne" da "ce" suna da wani aikin na daban, wato nuna wanda ake nufi. "Musa ne ya zo" ba tambari ba ne, amsa ce ga "wa ya zo?" Kuma Bahaushe yana iya buga wa mutum tambari ba tare da "ne" ba: "Kai, maƙaryaci!" Wurin da ya fi cancanta a sa ido a harshenmu shi ne ɗafa-goshin "ma-" da kalmar "mai". "Ya yi ƙarya" aiki ne da ya faru a wani lokaci. "Maƙaryaci" ya mayar da aikin ya zama mutumin. Haka "malalaci", "mashayi", "maci amana", "mai rowa".

Gyaran yana da sassa uku: wa, ya yi me, yaushe. "Musa malalaci ne" ta koma "Musa ya makara sau uku a satin nan." "Miyar nan ba daɗi" ta koma "gishirin ya yi min yawa." Jimla ta biyu tana buɗe ƙofar gyara, ta farko kuwa ba ta bar wa mai girki komai ba sai ta kare kanta. Malamin firamare da ya rubuta "daƙiƙi" a zuciyarsa ya gama da yaro, wanda ya rubuta "bai iya raba lamba biyu ba tukuna" ya san darasin gobe.

9. Mene ne laifin cewa abu ko fari ne ko baƙi?

Wasu abubuwa gida biyu ne da gaske: ko an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. Yawanci kuwa ma'auni ne mai tsawo. Sakamakon WAEC matakai tara ne daga A1 zuwa F9, amma a gida "ya ci" ko "ya faɗi" kawai ake ji. Likitoci sun sa 140 bisa 90 a matsayin iyakar hawan jini don sauƙin aiki, wannan bai sa mai 139 ya zama lafiyayye garau, mai 141 ya zama na kwance ba.

Idan ka kama kanka tsakanin "masoyi" da "maƙiyi", ko "ya iya" da "bai iya ba", ka ba abin maki daga 0 zuwa 10, sannan ka tambayi me zai ƙara masa maki ɗaya. Ka kuma saba rufe bayani da "da sauransu", ko a zuci ne, don tuna wa kanka cewa abin da ka faɗa ba shi ke nan ba.

10. Kalma ɗaya takan tayar min da hankali kafin in yi tunani. Me zan yi?

Kozibski ya bambanta martanin nan take, irin na wanda ya taka garwashi, da martanin da aka ɗan jinkirta. Na farko yana da wurinsa. In aka yi ihun "maciji!" ko "gobara!", ka yi tsalle tukuna, bincike daga baya. Damuwar ita ce jiki yana yi wa rubutu a waya irin wannan martanin, alhali babu abin da zai cije ka cikin minti biyar.

A ce saƙo ya shigo da dare cewa madatsar Dadin Kowa ta ɓalle, "a tura wa kowa". Ka fara da jiki: ajiye wayar, ja numfashi uku a hankali, kula da inda ya ɗaure, ƙirji ne ko ciki ko muƙamuƙi. Sai tambaya huɗu: wa ya faɗa, da idonsa ya gani, yaushe, a ina? Hoton da ba kwanan wata yana iya zama na wata shekara ko wata ƙasa. Sai ka kira mutum ɗaya da yake zaune a wurin. In kana gaɓar kogin Gongola, ka hau tudu kana kiran. In kana Pantami, babu abin da turawar gaggawa za ta ƙara sai firgici.

A faɗan gida ma haka ne, sai dai jinkirin ya fi wuya. Ka maimaita abin da aka ce da kalmominka kafin ka amsa: "Hajiya, kina nufin kuɗin cefanen ne bai isa ba, ko kuwa rashin shawara da ke ne ya ɓata miki?" Sau da yawa a nan ake gano cewa amsar da ka ɗana ta wata tambaya ce daban.

11. Yana taimakawa wajen maganar da mutum yake yi wa kansa?

Nan ne ma ya fi aiki, don babu mai yi maka gardama a cikin kanka. Wendel Jonson, masanin matsalolin furuci a Amurka, ya bayyana a 1946 wata zamiya mai hawa uku: buri marar ma'auni, sai takaici, sai karaya. Matashi ya ce yana so ya "zama wani abu". Tunda kalmar ba ta da awo, ba ranar da zai ce ya kai, kullum yana ganin bai kai ba, a ƙarshe ya ce "ni ba ni da amfani". Gyaran shi ne sauko da burin ƙasan tsani (tambaya ta 4): "in kammala koyon ɗinki cikin wata 18, in sayi keke nawa."

Sai ka bi da kanka yadda za ka bi da wani. "Ni daƙiƙi ne" ta koma "na samu 160 cikin 400 a JAMB ta bara, lissafi ne ya ja ni ƙasa." Ga lamba, ga kwanan wata, ga wurin gyara. Albat Elis, wanda hanyarsa ta ba da shawara ta zama ɗaya daga tushen maganin damuwa ta hanyar gyara tunani, ya sha faɗin cewa ya amfana da Kozibski. Amma wanda ya yi sati biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ko yana tunanin cutar da kansa, asibiti zai je. Gyaran jimla ba ya maye gurbin likita.

12. Bai saɓa wa addini ko ladabinmu ba?

Ba aƙida ba ce, ba ya ce maka ga abin da za ka yi imani da shi. Umarnin a bincika labari kafin a yi aiki da shi, da gargaɗi a kan yawan zato, suna cikin Suratul Hujurati, aya ta 6 da ta 12. Malaman hadisi kuwa tun ƙarnoni suka bambanta "na ji daga wane" da "an ce".

Inda ake samun karo shi ne ladabi. Wanda ya koyi abin jiya sai ya fara gyara wa mahaifinsa jimla. In Baba ya ce "yaran yanzu duk ba su da kunya", ba a ce masa "duka ka ƙirga?" Ana cewa, "Baba, wani abu aka yi?" Sakamakon ɗaya ne, an sauko daga "duk" zuwa abin da ya faru, kuma ba a taɓa girman kowa ba.

13. Waɗanne kurakurai masu koyo suka fi yi?

Mafi yawa shi ne juya awon a kan wasu a bar kai. Na biye da shi, zamewa zuwa "ai kowa da gaskiyarsa". Wannan kishiyar koyarwar ce: taswirori ba daidai suke ba, wadda ta kai ka Kumo ta fi wadda ta kai ka daji. Akwai kuma mai lafta "wataƙila" da "a ganina" a kowace jimla har ya kasa cewa komai, ko mai fakewa da "me kake nufi da bashi?" don kada ya biya.

Shi kansa ilimin ya sha suka. Marubucin kimiyya Matin Gadna ya caccake shi a 1952, kuma da hujja a wani ɓangare: littafin Kozibski yana da nauyin karatu ƙwarai, kuma alƙawarin da wasu mabiyansa suka yi na cewa zai warkar da cututtuka ya wuce gona da iri. Abin da ya rage da amfani shi ne ƙananan dabarun nan na tambaya ta 5 zuwa ta 10.

14. Ta ina zan fara, kuma tsawon wane lokaci?

Dabara ɗaya a sati, minti 10 bayan Isha, da littafin rubutu ƙarami. Satin farko, abu ɗaya da ya ɓata maka rai a ranar, ka raba shi gida uku. Sati na biyu, ka ja layi a takarda duk sanda ka ce "duk", "kullum" ko "ko kaɗan". Yawan layukan kan ƙaru a kwana uku na farko, ba don ka lalace ba, kunnenka ne ya fara kamawa. Sati na uku, tambari uku a rana ka mayar da su "wa, ya yi me, yaushe", ɗaya daga ciki ya zama wanda ka buga wa kanka. Sati na huɗu, babu saƙon da za ka tura ko amsar fushi da za ka bayar sai bayan numfashi uku da tambayoyi huɗun nan na tambaya ta 10.

Wanda ba ya rubutu zai iya yi da rikodar waya, ko su yi su biyu da abokin da ya amince da shi, kowa ya riƙa tambayar ɗan'uwansa "ka gani ko an ce?" In ka tsallake kwana biyu, ka ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka koma satin farko. Bayan wata guda ka buɗe shafukan satin farko, ka sa alama a gefen kowane zato da daga baya ya tabbata, ka ƙirga su, ka ƙirga waɗanda ba su tabbata ba.